Wata Bakwai Ba a Kaɗa Ƙararrawa Ba: Ƙungiyoyin Masu Makarantun Kuɗi a Najeriya da Kullen 2020

Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Najeriya, a birnin Legas, kuma kafin watan Maris ya ƙare gwamnatin tarayya da gwamnatocin jihohi sun rufe makarantu tun daga nazare har jami'a. Umarnin guda ɗaya ne, amma bai faɗa wa kowa iri ɗaya ba. Malamin makarantar gwamnati ya koma gida yana jiran albashinsa a ƙarshen wata, ko da zai zo a makare. Malamin makarantar kuɗi kuwa, albashinsa yana fitowa ne daga aljihun iyayen yara, su kuma iyaye ba sa biyan kuɗin zangon da ba a yi karatu a cikinsa ba. Cikin 'yan makonni dubban makarantu suka wayi gari ba su da abin shiga ko kwabo, ga hayar gini tana tafiya, ga bashin banki, ga ma'aikata sun zuba ido.

A irin wannan hali ne ake gane amfanin ƙungiya ko rashinsa. Makarantu masu zaman kansu a Najeriya suna da ƙungiyoyi da dama da ke cewa suna magana da yawunsu, kuma watannin da suka biyo baya, daga Maris zuwa Oktoba da ɗan abin da ya haura, sun gwada waɗannan ƙungiyoyi gwajin da ba su taɓa gani ba. Abin da na fahimta daga lamarin shi ne, ƙungiyoyin sun yi aiki na gaske, sun kuma samo abin da makaranta guda ba za ta iya samowa ita kaɗai ba, sai dai muryar da suka ɗaga muryar mamallaka ce, mamallakan ma masu rajista da takardu, alhali waɗanda kullen ya fi ƙona wa jiki, wato ƙananan makarantu marasa rajista da malaman da ke koyarwa a ciki, su ne suka fi ƙarancin wakilci a teburin da aka yanke hukunci.

Yadda aka kai ga haka

Ba za a fahimci ƙarfin waɗannan ƙungiyoyi ba sai an tuna cewa akwai lokacin da gwamnati ta so ta kawar da makarantun kuɗi baki ɗaya. Bayan yaƙin basasa, a shekarun 1970, gwamnatocin soja na jihohi sun karɓe makarantun mishan da na ɗaiɗaikun mutane, sannan a 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. A Legas, gwamnatin Lateef Jakande, wadda ta hau mulki a 1979, ta ɗauki matakin soke makarantun firamare masu zaman kansu, har sai da Babban Limamin Katolika na Legas, Anthony Olubunmi Okogie, da wasu suka garzaya kotu. A 1981 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa kafa makaranta yana cikin 'yancin yaɗa ilimi da ra'ayi da tsarin mulki ya tanada. Tun daga wannan shari'a masu makarantu suka koyi darasin da har gobe suke aiki da shi: mutum ɗaya ba ya ja da gwamnati, sai dai taro.

Sai kuma tattalin arziki ya yi nasa aikin. Faɗuwar kuɗin man fetur da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 sun bar makarantun gwamnati da rufi mai yoyo, da ajujuwa cunkushe, da yajin aikin malamai a kai a kai, iyaye kuwa, har da talakawa, suka shiga neman mafita. An sake ƙaddamar da ilimin bai-ɗaya a 1999, aka yi masa doka a 2004 wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma yawan haihuwa da kwararar jama'a birane sun fi ƙarfin ajujuwan da ake ginawa. Ƙidayar makarantu masu zaman kansu da aka yi a Legas a zangon karatu na 2010 zuwa 2011, da tallafin gwamnatin Birtaniya, ta gano makarantu 12,098, waɗanda ke ɗauke da kimanin kashi 57 cikin ɗari na ɗaliban jihar, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na makarantun ba su da amincewar gwamnati. Wannan adadi na ƙarshe shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Makarantar kuɗi a Najeriya ba lallai ba ne ta zama mai katanga da motocin ɗaukar ɗalibai. Sau da yawa gidan haya ne mai ɗaki huɗu ko biyar, an raba falo da katako ya zama aji biyu, 'ya'yan masu sana'ar hannu da 'yan tireda ne ke zaune a kan bencinan.

Tsarin mulki ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu, don haka jiha ce ke yi wa makarantun firamare da sakandare rajista, ita ke duba su, ita ke karɓar kuɗin sabunta lasisi. Sharuɗɗan rajistar kan haɗa da faɗin fili, da filin wasa, da gini na musamman, da malamai masu takardar koyarwa, abubuwan da makarantar cikin lungu ba ta da halin cikawa ko da ta shekara ashirin tana aiki. Saboda haka sai ta zauna a tsaka mai wuya: hukuma ta san da ita idan lokacin karɓar haraji ya yi, amma ba ta san da ita ba idan ana rabon wani abu.

Su wane ne ƙungiyoyin, kuma me suke yi kafin annoba

Wadda ta fi shahara ita ce ƙungiyar mamallaka makarantu masu zaman kansu ta ƙasa, NAPPS, mai rassa a jihohi da ƙananan hukumomi, wadda Yomi Otubela yake shugabanta a lokacin kullen. Akwai kuma AFED, wadda ta samo asali a Legas wajen shekarar 2000, lokacin da gwamnatin jihar ta yi barazanar rufe makarantun da ba su da rajista, kuma tun kafuwarta ta tsaya a matsayin muryar makarantu masu sauƙin kuɗi. Bayan waɗannan akwai ƙungiyoyin makarantun Musulunci, da na majami'u, da na makarantun da ke bin manhajar ƙasashen waje, da wasu da ba su wuce jiha ɗaya ba. Babu dokar da ta ce ƙungiya ɗaya ce ke wakiltar kowa, kuma makaranta tana iya shiga biyu ko ta ƙi shiga ko ɗaya.

Wanda yake son ganin ainihin aikin ƙungiya, ba babban taron Abuja zai je ba, taron reshen ƙaramar hukuma zai leƙa. Ana yin sa ne a ajin ɗaya daga cikin mambobi bayan an tashi yara, manya zaune a kan kujerun roba ko ma bencinan ɗalibai, ma'aji riƙe da littafin kuɗin wata-wata yana kiran suna. Maganar da aka fi daɗewa a kanta ita ce ta masu karɓar haraji: wannan ya zo da takardar kuɗin allon talla, wancan da ta harajin wurin kasuwanci, wani da ta duba tsafta, wani da ta kashe gobara, kowa da rasidinsa, kowa da barazanar garƙame ƙofa. Shugaban reshe ne ke zuwa sakatariya ya roƙi a haɗe kuɗaɗen wuri ɗaya ko a rage. Daga nan sai maganar iyayen da ke tara bashin zango biyu ko uku sannan su cire yaro su kai makarantar da ke bayan layi, abin da ya sa rassa da yawa ke yarjejeniyar kada a karɓi ɗalibi sai da takardar shaidar ba a bin sa bashi. Akwai shirya jarrabawar gwaji tare, da gasar kacici-kacici, da ɗan horon malamai a lokacin hutu, da adashi tsakanin mambobi. Ayyuka ne ƙanana, amma su ne ke sa mai makaranta ya ga dalilin biyan kuɗin ƙungiya.

Abin lura a nan shi ne, duk wanda ke zaune a wannan aji mai makaranta ne. Babu kujerar malami, babu ta uba ko uwa. Ba laifi ba ne, don kuwa sunan ƙungiyar ma ya faɗi ko ta su wane ce, amma idan jarida ta rubuta cewa makarantu masu zaman kansu sun ce kaza, mai karatu kan ɗauka dukan mutanen da ke cikin makarantar ne suka faɗa.

Watannin kulle

Don a ga yadda kullen ya shiga jikin ƙaramar makaranta, sai a duba littafin kuɗinta. Iyaye a irin wannan makaranta ba sa biya gaba ɗaya a farkon zango. Uwa za ta kawo wani abu ranar da aka dawo, ta cika bayan mako uku idan kasuwa ta yi kyau, ragowar kuma sai ana gab da jarrabawa, lokacin da ake tsare yaro a bakin ƙofa har sai an kawo ciko. Kullen ya zo ne daidai ƙarshen zango na biyu, wato a makonnin da ake tattara wannan ragowar. Shafin littafin ya tsaya da jerin sunaye da jan biro a gabansu, kuma babu wanda zai iya bin mutum bashi gida alhali an hana shi fita neman abinci. Mai makarantar da ta biya albashin Maris da abin da ke hannunta, a Afrilu ta biya rabi, daga Mayu sai ban haƙuri ta waya. Mai gidan haya kuwa bai san wata annoba ba.

Manyan makarantu sun koma koyarwa ta intanet, ta Zoom da makamantansa, suka ci gaba da karɓar wani kaso na kuɗi, ko da yake a wurare da dama iyaye sun yi ƙorafin biyan kuɗin karatun da yaro ke yi a falon gidansu da datar da su suka saya. Ƙananan makarantu sun gwada tura aikin gida ta WhatsApp, amma wayar gidan guda ɗaya ce, tana hannun maigida, yara kuma huɗu ne ko biyar. Jihohi irin su Legas da Kaduna da Kano sun sa darussa a rediyo da talabijin, abin da ya taimaki wasu yara, sai dai bai sa wa malamin makarantar kuɗi komai a tukunya ba. Da yawa daga cikin malaman sun koma sayar da kayan masarufi, ko aikin gini, ko bi gida-gida suna koyar da yaran masu hali.

Ƙungiyoyin sun bi hanya biyu. Ta farko ita ce neman a buɗe makarantu, ko aƙalla a bar 'yan ajin ƙarshe su rubuta jarrabawa. A ƙarshen Yuni kwamitin shugaban ƙasa kan annobar, ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya Boss Mustapha, ya nuna cewa ɗaliban da ke shirin kammalawa za su iya komawa, har aka sa ranar fara jarrabawar WAEC a farkon Agusta. Kwatsam ranar 8 ga Yuli Ministan Ilimi Adamu Adamu ya ce makarantun gwamnatin tarayya ba za su buɗe ba, ba kuma za su shiga jarrabawar ba a halin da ake ciki, ya kuma nemi jihohi su sake tunani. NAPPS tana cikin waɗanda suka fito fili suka roƙi gwamnati ta janye, tana mai cewa mambobinta a shirye suke su cika sharuɗɗan kariya, kuma bai kamata ɗaliban Najeriya su yi asarar shekara ba alhali takwarorinsu na sauran ƙasashen da ke rubuta jarrabawar za su wuce. Jihohin kudu maso yamma ma sun nuna za su ci gaba da shiri. Kafin Yuli ya ƙare aka daidaita: 'yan ajin ƙarshe su koma ranar 4 ga Agusta, jarrabawa ta fara ranar 17 ga Agusta.

Ba ƙungiyoyin kaɗai suka juya wannan hukunci ba, domin gwamnoni da 'yan majalisa da iyaye duk sun sa baki. Amma sun kawo abin da sauran ba su da shi, wato alkawari a madadin dubban makarantu cewa za a sa bokitin wanke hannu mai famfo a bakin ƙofa, a sayi na'urar auna zafin jiki, a tilasta takunkumin fuska, a rage yawan yara a aji. Gwamnati ba ta da ma'aikatan da za su bi makarantu ɗaya bayan ɗaya su isar da ƙa'idojin buɗewa da Ma'aikatar Ilimi ta fitar, rassan ƙungiyoyi ne suka yi wannan jigila. A nan an ga amfaninsu ƙarara. Sai dai ko a wannan nasarar akwai bambanci, don makarantar da ke da cibiyar jarrabawar WAEC dole mai rajista ce, kuma mai sakandare. Makarantar da ba ta wuce nazare da firamare ba, wadda ita ce mafi yawa a cikin lunguna, ta ci gaba da zama a rufe har zuwa Satumba ko Oktoba, gwargwadon jihar da take.

Hanya ta biyu ita ce neman kuɗi. Tun a Maris Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 domin rance ga magidanta da ƙananan sana'o'i ta hannun bankin NIRSAL, masu makarantu kuma suka yi ta kiran a ba su rance mai sauƙin ruwa da tallafin biyan albashi. A Yuni majalisar zartarwa ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3, wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya tsara, a cikinsa kuma akwai asusun naira biliyan 75 na ceto ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Wani ɓangare na asusun an ware shi ne don biyan ma'aikata naira 30,000 zuwa 50,000 a wata har tsawon wata uku, kuma da aka buɗe shafin rajista ranar 21 ga Satumba, da makarantu aka fara. Sa makarantu a sahun gaba bai rasa nasaba da watannin da ƙungiyoyin suka kwashe suna kai kuka ba, kuma wajibi ne a yaba musu a kan haka.

Amma a duba sharuɗɗan. Dole sana'ar ta kasance da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, dole a gabatar da lambar BVN da asusun banki, dole a cike komai ta intanet, kuma ba a biyan fiye da ma'aikata goma a wuri ɗaya. Ta fuskar gwamnati sharuɗɗan suna da hujja, tun da kuɗin jama'a ne kuma dole a toshe ƙofar ma'aikatan bogi. Ta fuskar makarantar da ke biyan malamanta hannu da hannu, ba ta da takardar kamfani, ba ta da jadawalin albashi a rubuce, sharuɗɗan katanga ce. Ga kuma lokacin: rajistar tallafin ta fara ne wata shida bayan rufewa, lokacin da wasu makarantun tuni mai gida ya karɓe gininsa. Ni a ganina a nan ne ƙungiyoyin suka bar dama ta wuce su. Su ne kaɗai ke da jerin sunayen makarantun da gwamnati ba ta ƙidaya ba, su ne suka san wace ce ke aiki da gaske, wace ce allo kawai. Da an tsaya kai da fata a kan a karɓi shaidar reshen ƙungiya, tare da tantancewar jami'an ilimi na ƙaramar hukuma, a madadin takardar kamfani, da tallafin ya gangara ƙasa fiye da yadda ya yi. Hakan kuwa yana buƙatar ƙungiyoyin manyan makarantu su ɗauki matsalar ƙananan a matsayin tasu, alhali a ranakun lafiya wasu daga cikin masu rajista su ne ke kai ƙarar marasa rajista cewa suna ɓata sunan sana'a suna kuma karya farashi.

Rikicin kashi 25 a Kano

Da aka buɗe makarantu a Kano cikin Oktoba 2020, sai sabuwar magana ta taso. Ma'aikatar Ilimi ta jihar, ƙarƙashin Kwamishina Muhammad Sanusi Sa'id Kiru, ta nemi makarantu masu zaman kansu su rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin zango na uku saboda halin matsin da iyaye ke ciki, ta kuma yi barazanar soke zangon baki ɗaya idan ba a yi hakan ba. Wannan jiha ce da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, don haka ba abin mamaki ba ne ta tsaya a gefen iyaye.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Uban da ya yi watanni shagonsa a kulle, ga tsadar abinci, an ce ya biya cikakken kuɗin zangon da aka gajarta, yana da haƙƙin ya yi kuka. Mai makarantar da ya yi wata bakwai babu shiga, ga bashin albashi, ga sabon kashe kuɗi na sabulu da man goge hannu da ƙarin kujeru, shi ma idan aka zaftare masa kwata na abin da yake sa rai, gaba kura ce baya sayaki. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka yi wa makarantu kuɗin goro. Kashi 25 a makarantar da ke karɓar dubban ɗaruruwa a zango ragi ne daga riba, amma a makarantar da kuɗinta bai wuce 'yan dubbai ba, wadda dama rabin iyayen ba sa cikawa, ragi ne daga albashin malami kai tsaye. Ƙungiya mai cikakken bayani a hannu, wadda za ta iya ajiye wa kwamishina lissafin makarantu rukuni-rukuni, da ta iya neman a bambanta. Amma masu makarantun ba su zo da baki ɗaya ba, ƙungiyoyinsu da yawa ne, kuma abin da ya dace da wannan bai dace da wancan ba. Gwamnati kuwa idan ta ga baki ya rabu, takan zaɓi wanda za ta saurara.

Iyaye ma ba su da wata ƙungiya ta jiha mai ƙarfin da za ta zauna da masu makarantu a yi ciniki. Ƙungiyar iyaye da malamai ta kowace makaranta a ƙarƙashin inuwar mai makarantar take, shi ke kiran taro, a harabarsa ake yi. Shi ya sa ma'aikata ta zama ita ce mai magana da yawun iyaye, kuma kayan aikinta guda ɗaya ne, wato umarni da barazana.

Wanda ba a kira taro da shi ba

Duk tsawon wannan lokaci sunan malaman makarantun kuɗi yana bakin kowa. Da halin da suke ciki aka roƙi tallafi, da shi aka nemi a buɗe makarantu, da shi aka ƙi ragin kuɗi. Amma su kansu ba su da wata murya mai ƙarfi tasu. Ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ƙarfinta yana makarantun gwamnati ne. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda ta sa naira 30,000, ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma mafi yawan ƙananan makarantu a nan suka faɗa. Malami da yawa ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba a biyan sa a watannin hutu a wasu wuraren, ballantana a yi maganar fansho. Wannan ne ya sa tallafin naira 30,000 na wata uku, ga wasu da suka samu, ya zarce abin da suka saba karɓa a makarantar, abin da ya isa ya nuna yadda lamarin yake tun kafin annoba.

Ba na ɗora wa masu makarantu laifin wannan gaba ɗaya. Wadda ke karɓar ɗan abin da talaka zai iya biya ba za ta iya biyan albashin gwamnati ba, kuma da yawa daga cikinsu tsofaffin malamai ne da suka fara da yara goma a zaure, suna shiga aji da kansu har yau. Amma ƙungiyar da ke neman gwamnati ta ɗauke ta abokiyar aiki a harkar ilimi, ba 'yar kasuwa kawai ba, dole ta yarda a tambaye ta abin da take buƙata daga mambobinta. Shin akwai mafi ƙarancin abin da ta ce a biya malami? Shin tana tilasta a ba shi takardar aiki? Shin tana korar mamban da aka kama da satar jarrabawa, ko wanda ya riƙe albashin mutane bayan kuɗi sun shigo? Ƙungiyar da kuɗin mambobi ke riƙe da ita tana jin nauyin hukunta mai biyan kuɗin, kuma inda ƙungiyoyi suka yi yawa, wanda aka matsa wa a nan sai ya tsallaka can. Wannan rauni ne na tsari, ba na mutum ɗaya ba, kuma shi ne ke sa jami'an gwamnati su riƙa kallon ƙungiyoyin a matsayin masu neman sassauci kawai.

A Legas an taɓa gwada wata hanya ta daban. Wani shiri da Birtaniya ta tallafa daga 2013 ya yi aiki da gwamnatin jihar da ƙungiyoyin makarantu a kan tsarin auna makarantu mataki-mataki, maimakon a ce ko dai makaranta ta cika dukan sharuɗɗa ko kuma haramtacciya ce. Hikimar ita ce a shigo da ƙaramar makaranta cikin lissafi a matakin da take, a nuna mata abin da za ta gyara ta hau na gaba. Inda irin wannan rajista ta kankama, ranar da annoba ta zo akwai jerin sunayen da za a bi a kai taimako. Inda babu, sai a koma neman takardar kamfani.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan rikicin kashi 25, a Janairu 2022, aka gano cewa wani mai makarantar kuɗi a Kano ya sace wata ɗalibarsa 'yar shekara 5 ya kashe ta, al'amarin da ya girgiza ƙasar baki ɗaya. Gwamnatin jihar ta janye takardun izinin dukan makarantu masu zaman kansu, ta ce kowa ya zo a sake tantance shi. Nan ma shugabannin ƙungiyoyi ne suka yi ta zarya ma'aikata, suna roƙon kada laifin mutum ɗaya ya shafi dubbai. Makarantun da ke da takarda sun shiga layi domin a sabunta musu. Waɗanda ba su taɓa samun takardar ba, babu abin da za a janye musu, babu kuma layin da za su shiga, kuma washegari da safe yara sun cika bencinansu kamar kullum.